Tufka da Warwara: Tarihin Kotizon a Jinyar Sefsis

Cutar da likitoci ke kira sefsis, wadda a bakin jama'a aka fi saninta da gubar jini ko kuma a ce ciwo ya shiga jini, yanayi ne da jikin mutum ke faɗawa idan ƙwayoyin cuta suka kama wani sashe nasa, kamar huhu ko hanji ko mafitsara ko mahaifar mai jego, sai martanin da garkuwar jiki ta mayar ya wuce gona da iri har ya koma yana lalata gaɓoɓin da ya tashi karewa. Idan abin ya tsananta, jijiyoyin jini sukan saki, ruwan da ke cikinsu ya riƙa tsiyayewa zuwa cikin tsoka, ƙarfin jini ya faɗi ta yadda ƙarin ruwa kaɗai ba ya iya ɗaga shi, fitsari ya ɗauke, hankali ya gushe. Wannan mataki shi ne likitoci ke kira shok na sefsis, kuma shi ne mafi kisa. Wani ƙiyasi da mujallar The Lancet ta buga a 2020 ya nuna cewa a shekarar 2017 kaɗai kusan mutum miliyan 49 ne suka kamu da sefsis a duniya, miliyan 11 daga cikinsu suka rasu, wato kusan ɗaya cikin biyar na dukkan mace-macen shekarar, kuma ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suna cikin waɗanda nauyin ya fi dannewa.

Ginshiƙan jinyar wannan ciwo sanannu ne: maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan kari, kawar da tushen ciwon idan ruɓa ce da ke buƙatar tiyata, ƙarin ruwa, da magungunan ɗaga ƙarfin jini irin su noradirenalin. Abin da aka shafe sama da shekara saba'in ana ka-ce-na-ce a kansa shi ne rukunin magungunan da ake kira kotikosteroid, ko siteroid a taƙaice, dangin kotizon, waɗanda aka rungume su, aka yar da su, aka sake ɗaukarsu, alhali magungunan kansu ba su sauya ba. Abin da ya riƙa sauyawa shi ne tunanin likitoci game da dalilin da ke sa sefsis kisa, kuma kowane zamani ya auna yawan maganin da zai bayar daidai da wannan tunani nasa, sau da yawa tun kafin hujja ta iso.

Asalin labarin yana komawa ga wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, ɗaya a kowane gefe, waɗanda ake kira adirenal. Ɓawonsu na waje ne ke samar da sinadarin kotisol, wanda ke taimaka wa jijiyoyin jini su riƙe ƙarfinsu, yake ɗaga sukarin jini a lokacin buƙata, yake kuma rage zafin kumburin da garkuwar jiki ke tayarwa. A 1855 Thomas Addison, likita a asibitin Guy da ke Landan, ya wallafa bayanin wasu majiyyata da adirenal ɗinsu ya lalace, akasari saboda tarin fuka, waɗanda suka rame, fatarsu ta yi duhu, bugun jininsu ya yi rauni har suka mutu. Shekara guda bayan haka Charles Brown-Séquard ya nuna cewa dabbar da aka cire wa adirenal biyu ba ta daɗewa a raye. Alaƙar halittar da ciwon ƙwayoyin cuta ta fito fili ne da bayanan Rupert Waterhouse na Ingila a 1911 da Carl Friderichsen na Danmak a 1918, waɗanda suka bayyana yaran da zazzaɓi ya kashe farat ɗaya, jikinsu ya yi tabon jini, da aka buɗe gawa kuma aka tarar jini ya cika adirenal ɗinsu ya rusa shi. Ƙwayar da ta fi haddasa wannan ita ce ƙwayar sanƙarau, wadda ƙasar Hausa ta san ɓarnarta farin sani, domin annobar 1996 kaɗai ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya, galibinsu a arewa. Daga nan ne tunanin farko ya samo tushe, cewa mai yiwuwa wanda ciwo ya durƙusar yana mutuwa ne saboda adirenal ɗinsa ya gaza.

Samun sinadarin a hannu ya ɗauki lokaci. A shekarun 1930 Edward Kendall na asibitin Mayo a Amurka da Tadeus Reichstein a Siwizalan, kowa a nasa ɗakin bincike, suka riƙa tace sinadarai daga tarin adirenal na shanun mahauta, inda Kendall ya sanya wa ɗaya daga cikin abubuwan da ya ware harafin E. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa aikin azama, saboda jita-jitar da ta bazu, wadda daga baya aka gane ba gaskiya ba ce, cewa Jamusawa na ba matuƙan jiragensu ruwan adirenal don su jure tashi sama sosai. Lewis Sarett na kamfanin Merck ya gano hanyar haɗa sinadarin daga ruwan matsarmamar shanu, kuma a watan Satumba na 1948 Philip Hench da abokan aikinsa suka yi wa wata mata mai fama da amosanin gaɓɓai allurarsa a Mayo, wadda cikin 'yan kwanaki ta tashi daga gadon da ciwon ya kwantar da ita. An raɗa wa sinadarin suna kotizon, kuma a 1950 aka ba Kendall da Reichstein da Hench lambar yabo ta Nobel. Maganin da ya yi irin wannan abin al'ajabi ba zai tsira daga gwaji a kan kowace cuta ba, kuma zazzaɓin ƙwayoyin cuta na cikin na farko da aka gwada shi a kai.

Gwajin da ya fi cancantar a tsaya a kansa a wannan zamani shi ne wanda Edward Kass da Maxwell Finland da abokin aikinsu suka wallafa daga Bostan a 1950, domin ya ƙunshi tarkon da likitoci suka yi ta faɗawa cikinsa shekaru da dama bayan haka. Sun ba masu ciwon huhu na nimoniya sinadarin ACTH, wato saƙon da ke fitowa daga wata halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yana umartar adirenal ya saki kotisol. Zazzaɓin majiyyatan ya sauka, radaɗin ƙirji ya lafa, suka ji daɗin jikinsu har suka nemi abinci, amma da aka ɗebi jinin wasu aka shuka shi a ɗakin gwaji, sai aka tarar ƙwayoyin cutar suna nan ba su gusa ba. Maganin ya kashe alamomin ciwon ya bar ciwon kansa. Likitan da ke tsaye a bakin gado yana ganin saukar zazzaɓi da dawowar hayyaci da idonsa a daren da ya yi allura, amma mutuwar da za ta zo bayan mako biyu saboda wata sabuwar ƙwayar cuta da ta samu ƙofa a buɗe ba za ta zo da shaidar cewa allurar ce ta jawo ta ba. Wannan bambanci tsakanin abin da ido ke gani da abin da lissafi ke nunawa shi ne ya sa ba a iya yanke hukunci kan irin wannan magani sai da gwajin ƙuri'a, wanda a cikinsa ake raba majiyyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu maganin, a ba wasu allurar da ba magani a cikinta, ba tare da likita ko majiyyaci ya san wanda ya samu wanne ba. An yi irin wannan gwaji a asibitocin Amurka da dama a kan majiyyata 194, aka wallafa shi a mujallar JAMA a 1963, kuma bai nuna cewa haidurokotizon, wato kotisol ɗin da aka haɗa a masana'anta, yana ceton rai ba.

Maimakon wannan sakamako ya rufe zancen, sai ya buɗe wata sabuwar ƙofa, domin masu goyon bayan maganin sun ce kuskuren yana ga ƙarancin abin da aka bayar. A shekarun 1960 da 1970 hankalin masana ya koma kan wata guba da ke jikin ɓawon wasu bakteriya, wadda ake kira endotoksin, da irin gobarar kumburin da take tayarwa, sai aka daina kallon siteroid a matsayin cikon abin da adirenal ya kasa samarwa, aka koma kallonsa a matsayin abin kashe kumburin baki ɗaya. Gwaje-gwajen dabbobi sun ƙarfafa wannan ra'ayi, musamman na Richard Lillehei a kan karnuka a Minnesota da na Lerner Hinshaw a Oklahoma, wanda ya zuba wa birai irin bika bakteriya mai yawan da ke kashe kowace dabba, ya kuma nuna cewa haɗa wani siteroid mai suna metilfurednisolon da maganin kashe ƙwayoyin cuta yana tserar da su. Yawan maganin da aka koma bayarwa abin lura ne: miligiram 30 na metilfurednisolon ga kowane kilo na nauyin jiki, wato miligiram 2,100 ga mutum mai kilo 70, wanda ƙarfinsa ya kai na haidurokotizon sama da miligiram 10,000 a allura guda, ninki hamsin na abin da ake bayarwa a yini guda a yau.

A 1976 William Schumer, likitan tiyata a Shikago, ya wallafa a mujallar Annals of Surgery sakamakon da ya mayar da wannan hanya al'adar asibitoci. Cikin majiyyata 172 da ya bi, kashi 38 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri sun mutu, alhali kashi 10 kacal suka mutu cikin waɗanda suka samu deksametason ko metilfurednisolon mai yawa. Da wannan tazara gaskiya ce, da babu wani magani a tarihin jinyar sefsis da ya kai shi in ban da magungunan kashe ƙwayoyin cuta kansu. Akwai dalilan taka-tsantsan tun a lokacin, kasancewar aikin na mai bincike ɗaya ne, an tattara shi cikin shekara takwas da salon jinya ya yi ta sauyawa a cikinsu, kuma dabbobin da aka kafa hujja da su lafiyayyu ne da aka ba magani a daidai lokacin da aka sa musu cutar, saɓanin tsohon da ya kwana uku da ruɓar hanji kafin a kai shi asibiti. Duk da haka, har kusan shekara goma ya zama da wuya a samu mai shok na sefsis a manyan asibitocin Amurka da Turai da ba a ɗura masa wannan allura ba.

Warwarar ta faro ne a 1984, lokacin da Charles Sprung da abokan aikinsa a Miami suka nuna a kan majiyyata 59 cewa ƙarfin jini yakan dawo na ɗan lokaci amma adadin masu mutuwa bai ragu ba. Sannan a watan Satumba na 1987 mujallar New England Journal of Medicine ta buga manyan gwaje-gwaje biyu a fitowa ɗaya. Na farko, ƙarƙashin Roger Bone, ya ƙunshi majiyyata 382, bai samu wani amfani ba, ya kuma gano cewa cikin waɗanda ƙodarsu ta riga ta taɓu, masu samun siteroid sun fi mutuwa nesa ba kusa ba, sannan mutuwa sanadiyyar sabon kamuwa da ƙwayoyin cuta ta fi yawa a ɓangarensu. Na biyu, na asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, ya ƙunshi majiyyata 223, kuma mace-macen ɓangarorin biyu suka zo kusan kai ɗaya, kashi 21 da kashi 22. Abin girmamawa ne cewa Hinshaw, mutumin da biransa suka ba ra'ayin ƙarfi, shi ne ya jagoranci wannan gwaji na biyu, ya kuma wallafa sakamakon da ya rushe aikin da ya daɗe yana ginawa. Zuwa 1995, da aka tattara dukkan gwaje-gwajen aka yi musu lissafi guda, hukuncin ya zama cewa siteroid mai yawa ba shi da gurbi a jinyar sefsis, kuma wannan hukunci yana nan har yau.

Wasu gwaje-gwaje biyu na Asiya daga wannan zamani sun nuna tun da wuri cewa amsar tana iya bambanta daga cuta zuwa cuta. A Tailan a 1982, David Warrell da abokan aikinsa suka gwada deksametason a kan mutum 100 masu zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, suka tarar yana tsawaita suma yana kuma ƙara matsaloli irin su zubar jini a ciki, abin da ya sa har yanzu ake hana shi a wannan ciwo. A Jakarta ta Indunisiya kuwa, a 1984, Stephen Hoffman ya ba masu taifot mai tsanani, waɗanda hankalinsu ya gushe ko jininsu ya faɗi, deksametason mai yawa tare da maganin taifot, sai mutuwa ta sauko daga kusan kashi 56 zuwa kashi 10, ko da yake majiyyatan 38 ne kawai.

Dawowar maganin ta biyo ta tsohuwar hanyar Addison. A 1983 likitoci a Glasgow suka lura cewa mace-mace sun ƙaru cikin waɗanda suka ji munanan raunuka tun da aka fara kwantar da su da wani maganin barci mai suna etomidet, daga baya kuma aka tabbatar cewa maganin yana toshe hanyar da adirenal ke haɗa kotisol. Wannan ya tuna wa masana cewa mai matsanancin ciwo ba ya rayuwa sai da kotisol, sai aka fara tambayar ko a cikin masu sefsis akwai waɗanda adirenal ɗinsu ke aiki amma aikin bai kai buƙatar halin da suke ciki ba. An kuma fahimci cewa kotisol ne ke sa jijiyoyin jini su ji kiran noradirenalin, don haka idan ya yi ƙaranci sai a yi ta ƙara maganin ɗaga jini jijiyoyin ba su motsa ba. A 1998 Pierre-Edouard Bollaert a birnin Nancy na Faransa, sannan a 1999 Josef Briegel a Munich ta Jamus, kowannensu da majiyyata kusan arba'in, suka nuna cewa haidurokotizon kaɗan da aka ba da shi na kwanaki yana gaggauta raba majiyyaci da magungunan ɗaga jini.

Wanda ya ɗauki wannan tuta shi ne Djillali Annane na asibitin Raymond Poincaré da ke Garches kusa da Faris. Ya yi amfani da wani gwaji da ake yi wa majiyyaci allurar ACTH a auna yadda kotisol ɗin jininsa zai tashi, wanda nasa bai tashi da ma'auni tara ba a ɗauke shi a matsayin mai raunin adirenal. A 2002 ya wallafa gwajin majiyyata 300 daga sassan kulawa ta musamman 19 na Faransa, inda aka ba da haidurokotizon miligiram 50 duk bayan awa shida, tare da ƙwayar fuludurokotizon, wadda ke taimaka wa jiki riƙe gishiri da ruwa, har kwana bakwai. Cikin waɗanda ba su amsa gwajin ACTH ba, mutuwa a kwana 28 ta kasance kashi 53 ga masu magani da kashi 63 ga sauran. A wannan shekarar ce aka ƙaddamar da gangamin Surviving Sepsis Campaign a Basalona, kuma ƙa'idojinsa na farko na 2004 suka amince da ƙaramin siteroid, sai asibitocin duniya suka sake runguma, karo na biyu, bisa gwaji guda.

Shekara shida kacal wannan natsuwa ta yi. A 2008 Sprung, wanda a lokacin ya koma asibitin Hadassah na Ƙudus, ya jagoranci gwajin CORTICUS a ƙasashe tara, akasarinsu na Turai, da majiyyata 499, wanda ya nuna cewa jini yana dawowa da sauri, kusan kwana uku maimakon kusan shida, amma mutuwa ba ta ragu ba, kashi 34 ga masu haidurokotizon da kashi 32 ga sauran, kuma sakamakon gwajin ACTH bai bambance wanda zai amfana ba. Idan aka sa gwaje-gwajen biyu kafaɗa da kafaɗa, sai a ga cewa ba mutane iri ɗaya suka auna ba: Annane ya ɗauki waɗanda jininsu ya ƙi tashi duk da ruwa da magani, cikin awa takwas na farko, har kusan shida cikin goma na waɗanda ba su samu siteroid ba suka mutu, yayin da CORTICUS ya karɓi masu sauƙin hali har zuwa awa 72, bai kuma haɗa da fuludurokotizon ba. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin majiyyatan Annane an sa musu bututun numfashi da etomidet, wato maganin da shi kansa ke raunana adirenal. Tushen ra'ayin ma ya girgiza a 2013, lokacin da masu bincike a Leuven ta Beljiyam, ƙarƙashin Greet Van den Berghe, suka nuna cewa yawan kotisol a jinin mai matsanancin ciwo yana zuwa ne galibi daga jinkirin da hanta da ƙoda ke yi wajen narkar da shi, don haka rashin tashinsa bayan allurar ACTH ba lallai ne ya zama shaidar gazawar adirenal ba.

An yi fatan 2018 za ta raba gardama, domin a shekarar ne manyan gwaje-gwaje biyu suka fito. Na farko, ADRENAL, wanda Balasubramanian Venkatesh ya jagoranta daga Ostareliya, ya ɗauki majiyyata 3,800 a Ostareliya da New Zealand da Birtaniya da Saudiyya da Danmak, kuma mutuwa a kwana 90 ta zo kashi 27.9 ga masu haidurokotizon da 28.8 ga sauran, bambancin da bai wuce abin da sa'a kaɗai za ta iya kawowa ba. Sai dai masu maganin sun fita daga shok da wuri, sun bar sashen kulawa ta musamman da wuri, kuma an rage yi musu ƙarin jini. Na biyu, APROCCHSS na Annane, mai majiyyata 1,241 a Faransa, ya sake haɗa haidurokotizon da fuludurokotizon a kan masu tsananin hali, ya kuma samu kashi 43 a kan kashi 49. Karatun da ya fi dacewa da hujjojin duka shi ne cewa ƙaramin siteroid yana gaggauta dawowar ƙarfin jini ba tare da shakka ba, cewa idan yana ceton rai to kaɗan ne kuma ya fi bayyana ga waɗanda suka fi jin jiki, kuma cewa farashinsa shi ne hawan sukari, hawan gishirin jini da raunin tsoka.

Ana tsakiyar wannan taka-tsantsan sai tarihin 1976 ya maimaita kansa. A 2017 Paul Marik na Norfolk a jihar Virginia ya wallafa cewa haɗa haidurokotizon da bitamin C da tayamin ya saukar da mutuwa daga kashi 40 zuwa ƙasa da kashi 9, bisa kwatanta majiyyata 47 da wasu 47 da aka yi jinyarsu a watannin baya, ba tare da ƙuri'a ba. Alƙaluman sun yi kama da na Schumer ƙwarai, kuma asibitoci da dama suka fara amfani da haɗin nan take. Gwajin ƙuri'a na VITAMINS a 2020 bai ga wani fifikon haɗin a kan haidurokotizon shi kaɗai ba, gwajin LOVIT na 2022 kuwa ya nuna cewa masu samun bitamin C mai yawa sun fi sauran fuskantar mutuwa ko ci gaba da gazawar gaɓoɓi. Abin takaici ne cewa bayan shekara talatin da darasi mai tsada irin na 1987, ƙaramin rahoto mai daɗin ji yana iya shiga gadon majiyyaci kafin a tantance shi.

Nasarar da ta fi fitowa fili ta zo ne lokacin da aka daina tambaya game da sefsis dunƙule aka koma kan cuta guda. A watan Yuni na 2020 gwajin RECOVERY na Jami'ar Oxford, ƙarƙashin Peter Horby da Martin Landray, ya nuna a kan majiyyata sama da 6,400 cewa deksametason miligiram 6 a yini yana rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi daga kashi 41 zuwa kashi 29, yana taimaka wa masu buƙatar iskar oksijin kaɗan, amma ba ya amfanar waɗanda ba sa buƙatarta, mai yiwuwa ma yana cutar da su. A 2023 gwajin CAPE COD na Faransa, mai majiyyata kusan 800 masu nimoniya mai tsanani, ya samu mutuwa kashi 6 ga masu haidurokotizon da kashi 12 ga sauran. Wani nazari da aka yi a kan jinin majiyyatan gwajin VANISH na Birtaniya ma ya nuna alamar cewa masu shok na sefsis sun kasu rukuni-rukuni bisa yadda garkuwarsu ke aiki, kuma wani rukuni yana iya cutuwa da siteroid. Ƙa'idojin Surviving Sepsis na 2021 sun tsaya a kan shawara mai sassauci: a ba baligi haidurokotizon miligiram 200 a yini idan yana ci gaba da buƙatar noradirenalin mai yawa na aƙalla awa huɗu.

Wannan shawara an gina ta ne a kan gwaje-gwajen da aka yi a sassan kulawa ta musamman masu na'urar numfashi, da famfon da ke auna digon noradirenalin, da ma'aikaciyar jinya mai auna sukari dare da rana, kuma tarihi ya nuna cewa ɗauko irin wannan sakamako a dasa shi a Afirka ba tare da gwaji ba yana da haɗari. A 2002 wani gwaji na Turai mai manya 301 ya nuna cewa deksametason yana rage mutuwa da naƙasa a sanƙarau na bakteriya, amma a shekarar ce Elizabeth Molyneux ta gwada shi a kan yara 598 a Blantyre ta Malawi ba ta ga amfani ba, kuma gwajin manya 465 a birnin a 2007, waɗanda kusan tara cikin goma nasu ke ɗauke da cutar ƙanjamau, shi ma bai gani ba. Majiyyacin da ya iso a makare, da tamowa ko ƙanjamau a jikinsa, bayan ya sha magunguna barkatai, ba daidai yake da na Turai ba. A yankunan da tarin fuka ya yi yawa, da kuma inda ake samun tsutsar ciki mai suna Strongyloides, wadda siteroid ke ba damar bazuwa cikin jiki har ta kashe mutum, danne garkuwa yana ɗauke da ƙarin haɗarin da gwaje-gwajen Faransa da Ostareliya ba su auna ba.

Akwai kuma wani rukunin majiyyata da duk wannan gardama ba ta shafa ba, wanda likitocin ƙasar Hausa ke cin karo da shi. Deksametason da furednisolon suna samuwa a kemis ba tare da takardar likita ba, wasu na shan su wata da watanni don ciwon gaɓɓai ko asma, wasu kuma, musamman mata, don neman ƙiba cikin haɗin da ake kira sha-ka-fashe, sannan wasu mayukan bilicin suna ɗauke da siteroid mai ƙarfi da ke ratsa fata ya shiga jini. Jikin da ya daɗe yana samun siteroid daga waje yakan daina umartar adirenal ya yi aiki, halittar ta shanye, don haka idan zazzaɓi mai tsanani ya kama irin wannan mutum, musamman idan amai ya hana shi shan ƙwayoyinsa, jininsa yana faɗuwa ta yadda ruwa da noradirenalin ba sa ɗaga shi. Shi wannan majiyyaci yana buƙatar allurar haidurokotizon nan take, yawanci miligiram 100 ta jijiya, ba tare da jiran awa huɗu ko wani gwaji ba, kuma sau da yawa hanyar gane shi ita ce kumburarriyar fuska, siririyar fata mai zane-zane a ciki da cinya, da kuma tambayar 'yan'uwa kai tsaye game da abin da yake sha ko yake shafawa, domin mutane da yawa ba sa lissafa ƙwayar ƙiba ko man shafawa a cikin magunguna idan likita ya tambaya.